Ɗalibai, in an kai ku maɗaba'a ku buɗe ido

Ƙannena ɗalibai, musamman masu shirin fita SIWES, wato koyon aiki a wuraren sana'a, don Allah in makaranta ta kwashe ku zuwa maɗaba'a kar ku ƙare a ɗaukar hoto gaban inji, ku kalli masu aikin.

Ku tsaya bayan wanda ke tsara aiki a kwamfuta da manhajar CorelDraw ku ga sau nawa yake karanta katin ɗaurin aure guda ɗaya kafin a fitar da fileti, wato farantin da ake ɗora wa inji ya buga rubutun a kan takarda. Sunan ango, sunan amarya, rana, ƙarfe nawa, wane masallaci, kuma duk da haka sai ya kira mai katin ya duba ya ce ya yarda. A makaranta in ka yi kuskure maki biyu za a rage maka ka wuce abinka, amma nan harafi ɗaya in ya shige fileti to inji ba ruwansa, sau dubu zai maimaita shi, takarda ta tafi tawada ta tafi dizal ɗin da aka ƙona ya tafi, kuma ba mai ɗaga ranar aure saboda kai. Aiki mai kala kuwa fileti huɗu ne, shuɗi, ja, rawaya da baƙi, dole kowanne ya hau daidai kan ɗan'uwansa, in ya goce fuskar ɗan takara ta fito biyu-biyu a fosta, wa zai biya kuɗin wannan?

Abin da ya fi damuna da matasanmu shi ne ɓoye kuskure. Yaro na gani kala ta fara gocewa amma tsoron faɗan oga sai ya ja bakinsa ya yi shiru wai ko ba za a lura ba. Wallahi za a lura. Rim ɗaya takarda 500 ne, oga ya fi son ka tsayar da inji tun a ta 20 ka ce "oga zo ka gani" da a ce sai an cinye rim uku kwastoma ya gano da kansa. Faɗan minti biyar zai yi maka, kuma gobe kai zai bar wa injin.

Sai maganar lokaci. Tun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, masu wannan sana'a sun daɗe da sanin aiki ba ya jiran wanda ya makara, balle yanzu da ake rige-rige da wuta kafin a ɗauke.

Kuma in kun zo wajen injin yankan takarda ku duba da kyau, mai riƙe da shi wayarsa na aljihu, ko ta yi ƙara ba ya ɗauka sai ya gama.