Keken ɗinkin da aka sayar a bakin ƙofa

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, maza da mata.

Kwanakin baya na je bikin yaye ɗalibai a wata cibiyar koyon sana'a da ke garinmu, saboda ɗan yayata yana cikin waɗanda za a sallama. An kafa rumfuna, an jera kekunan ɗinki a cikin kwalayensu, ga injinan markaɗe, ga kayan aski, ga akwatunan sifana. Manya suka yi jawabi, aka tafa, aka ɗauki hoto. Kafin a kira la'asar sai na ga 'yan a-daidaita-sahu sun cika bakin ƙofa, dillalai na tsaye kowa da damin kuɗi a hannu. A gabana aka yi cinikin keke sabo fil, ko ledarsa ba a ɓare ba, ƙasa da rabin kuɗinsa na kasuwa. Yaron ya ƙirga, ya soke a aljihu. Na jawo shi gefe na ce, ƙanena, me ya yi zafi haka? Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ni fa ko zare ban iya sakawa ba. Sunana kawai aka sa, ranar biyan alawus nake zuwa."

Tun ranar abin yake cina, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Na san abin da za ku ce, kuma ba zan ƙaryata ku ba. Akwai horon da na 'yan siyasa ne, mako biyu a koya wa mutum ɗari biyu haɗa sabulun ruwa da man shafawa, a watse. Akwai inda fom ba ya isa hannunka sai kana da ɗan majalisa. Akwai inda injin koyon ɗaya ne, ɗalibai arba'in, wuta kuma babu. Duk na gani. Amma yaron nan da na tsare ba a hana shi shiga aji ba. Wata uku malami yana zuwa, shi yana majalisa yana jiran ranar rabo. Kuɗin keken na tabbata ba su kai sallah ba, wataƙila ma waya ya canja. An sayar da kare an sayi biri.

Abin da nake so mu gane, a duk shirin koyon sana'a kayan sallama su ne mafi ƙarancin daraja. Keke yana lalacewa, ana sace shi, ana kai shi jingina ranar da yaro ya kwanta asibiti. Abin da ya shiga hannunka da kanka shi ne babu dillalin da zai taya. Tela gwani ko ba shi da keke, ana gobe sallah masu shago ne za su riƙa bin sa har gida suna lallashi.

Ku leƙa gine-ginen da ake yi a Kano da Kaduna da Abuja. In aka zo aikin silin na POP ko shimfiɗa tayil, sau da yawa mai gida cewa yake a nemo masa yaran Togo ko na Kwatano. Su ma ba da aljanu suke aiki ba. Shekaru suka yi a ƙarƙashin maigida suna kwaɓa ƙasa, suna riƙe igiya, ana dungure musu kai, har idonsu ya san karkata tun kafin a ɗora ma'auni. Mu kuma yaro ya yi wata huɗu a shagon walda, ya iya kunna inji, sai ya fara ɗaga kafaɗa yana neman a ba shi kwangilar get. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano kilomita 614 ne, ta gonakinmu ya ratsa. Walda irin ta bututu ana duba ta da na'ura, ana tambayar takardar shaida. Mu tambayi kanmu, a unguwarmu mutum nawa ne za su iya miƙa tasu?

Kuma hanyar samun takardar ba a ɓoye take ba. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana yin gwajin sana'a mai mataki uku, a fara daga na 3 a hau zuwa na 1. Hukumar shirya jarrabawar kasuwanci da fasaha, NABTEB, tana da jarrabawar sana'o'i wadda ko ba ka cikin makaranta za ka iya zama. Hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, tun zamanin Babangida take tura matasa wurin masu sana'a su koya, asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, kuwa tun 1971 yake. Hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, da ke Kaduna tana da tsarin da ake gwada abin da mutum ya riga ya iya a bakin aiki a ba shi shaida, kuma masu sana'ar kasuwar Panteka ta Kaduna suna cikin waɗanda aka yi wannan aiki da su. Wanda ya shekara goma yana gyaran mota ba a ce ya koma aji ɗaya ba, hannunsa za a duba. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Kada sai an buɗe ɗaukar aiki ka fara yawon neman wanda zai buga maka ta bogi.

Yanzu bari in taɓo inda ya fi ciwo, wato karatu da rubutu. Da yawa daga cikinmu sun bar makaranta a firamare, wasu sun gama sakandare amma in aka miƙo musu takarda sai gumi. Muna ɓoyewa. "Na manta tabarau", "karanta mini, idona na ciwo". Na taɓa taimakawa a wani ajin dare na manya, bayan isha'i, a wata makarantar firamare da aka ara mana. A cikin ɗalibanmu akwai wani dattijo mai gyaran jikin mota, ya haura hamsin. In ya ɗauki guduma ya bi lanƙwasar ƙofar mota sai ka rantse ba ta taɓa karo ba, amma ranar da ya fara riƙe fensir sau uku yana karya bakinsa, don ya saba da ƙarfe. Bencin yara ne, gwiwoyinsa har suna taɓa ƙirjinsa. Na tambaye shi, Baba, me ya kawo ka yanzu? Ya ce wani ya kawo masa aikin motocin kamfani, aka rubuta yarjejeniya, ya dangwala yatsa. Da aka zo biya sai aka nuna masa wani layi da ya ce kuɗin fenti a kansa yake. Ya ce, "Malam, ba kuɗin ne suka fi ƙona mini rai ba. Yaron da ya karanta mini layin, sa'an jikana ne, kuma yana karantawa yana murmushi." Bayan wata bakwai shi yake rubuta lissafin garejinsa a littafi mai bangon kwali, baƙaƙen manya-manya kamar sawun kaza, amma babu mai sake yi masa murmushin nan.

Sana'ar yau ba ta rabuwa da karatu. Mai haɗa sola dole ya karanta abin da ke jikin batir da inbata, in ba haka ba ya ƙona wa mutum kayan miliyoyi. Makanike yanzu kwamfuta yake jona wa mota ta faɗa masa ciwonta da lambobi. Tela tana karɓar awo ta WhatsApp. Ko mai shayi sai ya duba alat ya tabbatar na gaskiya ne. Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, an yi karin maganar ne don a kula da yara, ba don babba ya samu mafakar lalaci ba. Wadda ta shafe mu ita ce gemu ba ya hana ilimi.

Wannan kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, tana naɗa jajis, dattawan mata, suna bin ƙauyuka suna karantar da matan aure. A shekarun 1950 aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, kakanninmu suka zauna a gindin bishiya suna koyon a, ba, ca, ana buga musu 'yan littattafai a Zariya. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, ta zama abin koyi ga sauran jihohi, kuma a 1990 gwamnatin tarayya ta kafa tata ta ƙasa baki ɗaya. Azuzuwan nan suna nan har gobe, wasu a makarantun firamare da yamma, wasu a cibiyoyin mata, wasu a Islamiyyu. Wasu sun yi rauni, gaskiya ne. Amma mafi yawan kujerun da na gani babu kowa a kansu, masu su suna bakin titi suna musun ƙwallon Ingila.

Ina da magana ta musamman ga 'yan uwanmu na ruga da na bakin ruwa da na ƙauyukan da mota ba ta kaiwa, da kuma mu 'yan birni da muke musu kallon raini. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, hedikwatarta a Kaduna, daga baya aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta masu bin ruwa. Har shiri take da shi a Rediyon Najeriya Kaduna, Don Makiyaya a Ruga. Wasu dattawan suna tsoron boko zai raba yaro da sanda, kuma tsoronsu yana da dalili, don sun ga waɗanda suka tafi ba su dawo ba, ba su zama ma'aikata ba, ba su kuma iya kiwon ba. To amma ka je kasuwar ƙauye ranar ci, ka tsaya wurin masu tallar maganin dabbobi a rana. Matashi zai sayi kwalbar maganin sammore, bai san kwanan watan da ke jikinta ya wuce ba, bai san ana auna allurar da nauyin saniya ba. In ta mutu a ce ƙaddara. Wanda ya san halin kowace saniya a garkensa, ya san ciyawar da ke kashewa da wadda ke sa nono, ya san burtali daga nan har Adamawa, wannan ba jahili ba ne. Baƙi da lissafi kawai suka rage masa, kuma ranar da ya haɗa su da abin da ya gada, likitan dabbobi ma sai ya saurare shi. Haka 'yar uwarmu mai ƙwaryar nono. In ta koyi dafa madara yadda za ta daɗe, ta iya rubuta bashin da ke kan masu fura, cinikinta ya canja ba tare da ta bar rugarsu ba.

Ku ciro naira ashirin ku juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, 'yar ƙabilar Gbagyi, mutanen da suke zaune a yankin Abuja tun kafin a yi mafarkin mayar da shi babban birni. A gida ta koyi ginin tukwane, a hannun 'yar uwar iyayenta, irin na gargajiya da ake ɗagawa da hannu. Tulunanta sun yi kyan da har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ajiye su a fadarsa, a can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Da aka buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau, ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin, tana babbar mace kuma gwanar da aka riga aka sani. Ta zauna ta koyi juya yumɓu a kan faifai, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a tanderu mai tsananin zafi. Zanen kada da ƙadangare da kifi da kunama na gidansu kuwa ba ta yar ba, ta ɗora su a kan sabon aikin. Ta je Ingila da Amurka tana nuna gwaninta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Abin da ya fi burge ni shi ne gwana ce amma ta yarda ta koma ɗaliba. Mu kuwa ɗan majemi yana jin kunyar a ce gidansu ana jima, ɗan maƙeri yana ɓoye hannunsa, alhali fatar da ake jemewa a Kano da Sakkwato har Turai ake kai ta a yi jaka da takalmi.

'Yan mata, ku ma ban ƙyale ku ba. In an sa ki a ajin ɗinki, kada ya zama wurin nuna anko da hira. Matan aure kuma da ke son komawa karatu, ku nemi yardar maigida da lalama, ku kuma maza ku bari, don wadda ta iya karanta takardar asibiti ita za ta hana a ba ɗanka magani cokali uku a maimakon ɗaya.

Kafin ka cike fom na gaba, je ka ga wurin da idonka. Akwai kayan aiki? Malamin yana da shagonsa, ko shi ma a takarda ya karanta? Waɗanda aka yaye bara suna ina? In horon gajere ne, tun kafin a gama ka nemi maigidan da za ka zauna a ƙarƙashinsa ko da shekara ɗaya ce, ka yi shara, ka sayo abinci, ka buɗe ido. In kuma karatunka ne da rauni, tambayi ofishin ilimin manya a sakatariyar ƙaramar hukumarku inda ajin yamma mafi kusa yake. In kunyar 'yan unguwa kake ji, tafi na unguwar gaba.

Shi ɗan yayar tawa, dillalan sun taya nasa keken har sau biyu. Uwarsa ta sa aka ɗora shi a a-daidaita, ta kulle a ɗakinta, ta ce ba zai fito ba sai ranar da ya yanka riga da kansa. Muka kai shi wurin wani tsohon tela a bakin kasuwa, wata biyar yana guga da sa maɓalli kafin a bar shi ya taɓa almakashi. Ranar Alhamis da ta wuce ya kawo mini rigar farko a cikin leda, yana ta sunkuyar da kai. Hannun hagu ya fi na dama tsawo da kusan inci ɗaya. Na sa ta na je Juma'a a haka, da na dawo na cire na miƙa masa, na ce ya farke ya sake.