Kama-karya ba sai da khaki ba

Da yawa suna ɗauka mulkin kama-karya sai soja sun kama gidan rediyo, kuma muddin ana zaɓe, dimokuraɗiyya na nan lafiya. Abin da ya faru a Hungary, wata ƙasa a nahiyar Turai, ya ƙaryata wannan.

A 2010 jam'iyyar Fidesz ta Viktor Orban, wanda ya zama firaminista a shekarar, ta ci kashi biyu cikin uku na kujerun majalisa, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Da wannan rinjaye aka rubuta sabon tsarin mulki a 2011. Aka sauke shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62, nan take tsofaffi da dama suka tafi gida, kujerunsu suka zama na wanda gwamnati ta ga dama. Aka rage majalisa daga kujeru 386 zuwa 199, aka sake yanka mazaɓu. A 2014, da kusan kashi 45 cikin ɗari na ƙuri'u, Fidesz ta sake kwashe kashi biyu cikin uku.

Kowane mataki ta hanyar kafa doka a majalisa aka bi, shi ya sa da wuya a nuna ranar da abin ya lalace. A 2022 Majalisar Tarayyar Turai ta ce Hungary ba cikakkiyar dimokuraɗiyya ba ce kuma.