Ga Wanda Ya Manta Wanda Ya Kai Shi Zauren Dagaci

Akwai wani mutum a harkar filaye ta gefen Kano da yake bin majalisu a 'yan kwanakin nan yana gaya wa masu kuɗi cewa shi kaɗai ya buɗe gonakin da ke kan hanyar Gwarzo, bayan Janguza, kuma babu wanda ya taɓa riƙe masa hannu. Ba zan kama sunansa ba, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ina so in tuna masa yadda ake shiga wannan sana'a. A ƙauyukan Ungogo da Kumbotso da Tofa, inda birni yake cinye gonaki shekara bayan shekara, manomi ba ya sayar wa baƙuwar fuska gonar gado, ko da ya zo da kuɗi a buhu. Sai wanda aka sani ya kai shi gaban mai unguwa, daga nan a wuce wurin dagaci, a tara magada a tabbatar an raba gado, a kira maƙwabtan gona su nuna iyaka, sannan a zo batun kafin alƙalami. Duk wanda ya yi wannan gabatarwa, mutuncinsa ya ajiye jingina.

Ni na yi masa haka. A bayan babur ɗina ya je, kuma da bakina na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ƙanena ne, abin da ya yi ni na yi." Ni na haɗa shi da wani attajiri a Kantin Kwari wanda ya amince ya zuba jari saboda tsohuwar mu'amalarmu. Da ya samu lambobin wayarsu sai ya zagaye ni, ya danne la'adar da muka yi alkawari a gaban shaidu. Na yafe masa wannan tun tuni.

Abin da ya hana ni barci shi ne yadda ya yanka gonar da awon igiya, ya matse layuka har mota biyu ba sa iya giftawa, bai bar hanyar ruwa ba, bai ware wurin makaranta ba, sannan ya riƙa gaya wa malaman makaranta da zawarawan da suka tara kuɗin adashe cewa takardar ciniki mai sa hannun dagaci daidai take da shaidar mallaka ta gwamnati. Ya san ba haka ba ne. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora amanar ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya wajabta neman amincewarsa kafin a sauya hannun filin da ya bayar. Unguwar da hukumar tsara birane ba ta amince da taswirarta ba tana iya fuskantar rusau ko da an gama gini an tare. Har fuloti ɗaya ya sayar wa mutum biyu, yanzu ƙofar gidana suke yi wa sallama, domin ni suka ji na kira shi ƙane.

A makon jiya na koma zauren dagaci, na durƙusa a inda na durƙusa ranar farko, na janye maganata a gaban mai unguwa da liman. Attajirin ma na same shi a shagonsa na gaya masa komai. Gobe da safe zan raka mutanen nan biyu wurin lauya da takardunsu.