Yaron Maradi ya san bedi, bai san gawo ba

Nan Faransa inda nake zaune, da wuya yaro ya fita ajin ƙanana bai shuka wake ba. Auduga jiƙaƙƙa a ɗan kofi, a aje bakin taga, kowace safiya a leƙa. Ba na raina abin, su ba su da gona a bayan gida. Amma masu cewa mu kwaikwaye su a lakwal ɗinmu na Maradi, sun tuna cewa yaronmu da roron wake ya tashi?

Abin da ya ɓace masa daban ne. Tsayar da ɗan birni, ka nuna masa kalgo da sabara, ka ga ko zai raba su. Bedi kam ya sani, ga shi a kowane titi, alhali daga Indiya aka kawo shi. Gawo fa, wanda ke kaɗe ganye da damina ya bar wa hatsi rana da taki, ya yi kore da rani lokacin da bisashe ke neman abinci? Wani sai dai ya ji sunansa a bakin kaka.

Kuma a jiharmu aka fara sassabin zamani a 1983, lokacin da Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya, ya lura kututturan gona ba su mutu ba. Manoma suka riƙa barin tsiro biyu ko uku suna sassabe sauran, har aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Baƙi na zuwa ƙauyen Dan Saga ganin abin, ɗiyanmu na haddace kogunan Turai.

Ni a ganina malamin lakwal ya sa yara su tsinto iri da kansu: aduwa, magarya, bagaruwa, kuka. Su cika ledar fiya wata da ƙasa da taki. Irin gawo ba ya tsira da sauƙi sai an kankare ɓawonsa, aikin da cikin akuya ke yi a daji. Wannan kaɗai darasin mako ne. A gayyato tsohon manomi aji, a ba shi kujera.

Kada a jira 3 ga Agusta, ranar dashen itace. Lokacin ana hutu, ba mai ban ruwa, awaki su gama da dashen. A shuka tun da rani, in damina ta faɗi kowane yaro ya kai nasa gonar gidansu, ya kewaye shi da ƙaya.