Babur ɗaya, doka uku: halin da mai abin hawa yake ciki a Zariya

Duk wanda ya mallaki babur a Zariya yana zaune ne a bakin iyakar dokoki uku, ko ya sani ko bai sani ba. Idan ya ɗauki hanyar Kano, da zarar ya wuce Tashar Yari ya doshi Kwanar Dangora ya fita daga hannun Jihar Kaduna. Idan kuwa ta Giwa ya bi, kafin ya ankara ya shiga Funtuwa, ƙasar Katsina. Babur ɗin bai sauya ba, takardunsa ma suna nan yadda suke, amma abin da aka halatta masa ya yi da shi, kamar goyon mutum ko fita da dare ko ratsa tsakiyar gari, yana iya sauyawa a tafiyar da ba ta kai awa biyu ba.

Asalin wannan yana cikin Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya bai wa Gwamnatin Tarayya iko a kan zirga-zirga a manyan hanyoyinta kaɗai, ya bar sauran ga jihohi. Shi ya sa muke da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ga KASTLEA a Kaduna, ga KAROTA a Kano, ga jami'an VIO masu duba lafiyar ababen hawa, ga kuma 'yan sanda, kowa da littafinsa. A ganina wannan rabon iko ba aibu ba ne, domin abin da ya dace da Legas ba lalle ya dace da Soba ba. Aibun yana wani wuri: dokokinmu na abin hawa sun ƙware wajen hanawa, amma ba su iya bambance mutane ba, kuma da wuya su faɗa wa mai abu abin da zai yi abinsa ya halatta.

Tarihin babur a Arewa ya ishe mu shaida. Abuja ta kori 'yan acaɓa daga tsakiyar birni a 2006, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Kaduna ta yi tata dokar a 2014, a zamanin Gwamna Mukhtar Ramalan Yero, ta hana sana'ar a wasu ƙananan hukumomi da suka haɗa da Zariya da Sabon Gari. Sai kuma ƙarshen Satumban 2021, lokacin da gwamnatin jihar ta hana hawa babur ɗungurungum, na haya da na gida, na tsawon wata uku a matakin farko, tare da katse layukan waya a wasu yankuna. A Yulin 2022 har Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya bayyana cewa Gwamnatin Tarayya tana duba yiwuwar hana babur a ƙasar baki ɗaya.

Ba zan raina dalilin da aka bayar ba. Kowa ya san a kan babura 'yan bindiga suke zuwa, biyu ko uku a kan kowane, kuma mutanen Giwa da Birnin Gwari da ƙauyukan bayan Zariya sun ɗanɗana kuɗarsu. Gwamnan da ake kai masa rahoton satar mutane kullum safiya ba zai zauna ya naɗe hannu ba. Tambayar ita ce, a kan wa dokar ta sauka? Ɗan bindigar da ke cikin daji ba ya bi ta Kwangila, ba ya tsayawa a shingen jami'ai, ba shi da lamba balle a karɓe ta. Wanda dokar 2021 ta samu a hannu shi ne ƙaramin ma'aikacin jami'a da ke zaune a Tudun Wada yana aiki a Samaru, da ma'aikacin jinyar da zai kama aikin dare a asibitin koyarwa na Shika, da manomin da ke ɗauko buhun masara daga gona ta hanyar da mota ba ta iya bi, da magidancin da ke jera 'ya'yansa a roba-roba ya kai su makaranta. Zariya gari ne warwatse, tsakanin Birni da Samaru tafiya ce ta gaske, kuma lungunan cikin ganuwa ba a yi su don mota ba. Hana babur a irin wannan gari daidai yake da rufe rijiyar unguwa saboda ɓarawo ya sha daga cikinta.

Akwai kuma illar da ba a cika lissafawa ba. Dokar da ta fi ƙarfin jama'a ba ta daɗewa ana binta, amma kuma ba a soke ta. Sai ta kwanta a takarda, 'yan acaɓa su cika PZ da Ƙofar Doka kamar ba a taɓa hana su ba, har ranar da za a ga dama a tashe ta a yi kame. Mutumin da ya saba ganin ana karya doka a gaban mai kula da ita ba zai ɗauki ko da dokar da ke kare ransa da muhimmanci ba. Mun ga haka da hular kwano, wadda aka fara tilasta sanyawa a ranar 1 ga Janairun 2009, wasu suka mayar da abin wasa har da kifa ƙwarya a ka. Yau a tsaya a Ɗan Magaji a ƙirga masu hular, alhali a duk dokokin babur ita ce wadda amfaninta ya fi fitowa fili.

Sashe na biyu na wannan batu shi ne na masu gyara mota su sauya mata kama. A Amurka wannan tsohuwar al'ada ce da suke kira hot rod, wadda ta samo asali a kudancin Kalifoniya tun shekarun 1930, inda samari kan ɗauki tsohuwar Ford su rage mata nauyi, su ƙara wa injinta ƙarfi, su je busassun tafkuna su yi tsere. A 1951 aka kafa ƙungiyar masu hot rod ta ƙasar, NHRA, domin a janye tseren daga kan titi zuwa filin da aka tanada. Can ma kowace jiha da dokarta, kuma bambancin ba kaɗan ba ne. Kalifoniya ta wajabta hular kwano a kan kowane mahayi, Illinois da Iowa ba su tilasta wa kowa ba. Kalifoniya ta yarda mai babur ya ratsa tsakanin layukan motoci, yawancin jihohi ba su yarda ba.

Abin lura shi ne yadda aka rubuta dokokin. Motar fetur ƙirar 1975 ko kafin nan an ɗauke mata gwajin hayaƙi a Kalifoniya. Ƙarar salansar ƙaramar mota kada ta wuce ma'aunin desibel 95. Wanda ya harhaɗa mota da hannunsa yana da hanyar yi mata rajista ta musamman, an ware gurbi 500 a kowace shekara. Masu wannan sha'awa suna ƙorafi a kan waɗannan ƙa'idoji, suna ganin sun yi tsauri, amma mutum ya san shekarar, ya san ma'aunin, ya san ofishin, kuma idan jami'i ya tare shi akwai na'urar da za ta raba gardama.

Mu a nan ba mu da wannan suna, amma muna da aikin, har ma fiye da su ta wata fuskar, domin su sha'awa ce ta sa su, mu kuwa larura. Garejin Sabon Gari da na Tudun Wada cike suke da motocin da aka sauke musu injin aka ɗora na wata, da waɗanda aka ƙara musu sifirin don ɗaukar kaya, da waɗanda aka mayar musu da sitiyari daga dama zuwa hagu, tun da ƙasar ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972. Tsohuwar Peugeot 504 da ke jigilar hatsi a kasuwannin ƙauye, da wuya a sami wadda injinta na asali yake ciki. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuma, sai ga sabon gyara ya shigo, na mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG, wanda gwamnati da kanta take kwaɗaitarwa. Ga kuma samari masu cire salansa, masu fenti mai walƙiya da manyan tayoyi, waɗanda kan yi wasa da mota ko babur a ranar ɗaurin aure.

Waɗannan na ƙarshe ba na kare su. Wanda ya ɗaga tayar babur a tsakiyar taron jama'a ya cancanci a kama shi, ko ɗan wane ne. Sai dai bakaniken kirki da ya ɗora injin lafiyayye ya gyara birki daidai da ƙarfinsa, da mai waldar da ya liƙa tukunyar gas ba bisa ƙa'ida ba, a idon mai tsaron hanya kusan duk ɗaya ne, domin babu wata takardar shaida da kowa ya sani wadda za ta raba su. Mai motar yana yawo da takardar da lambar injin cikinta ba ta dace da abin da ke cikin bonet ba, ko kalar da aka rubuta ba ita ce a jiki ba. Bai saci komai ba, amma a kowane shinge sai yadda aka ga dama da shi, kuma abin da aka ƙyale a Kaduna yana iya zama laifi a Kano. Haka batun baƙin gilashi yake: dokar tun 1991 take, amma izinin 'yan sanda yau a buɗe shi, gobe a dakatar, jibi a tafi kotu, ga shi motoci da yawa da gilashin suka zo daga masana'anta. A Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an VIO na birnin ba su da ikon tare mota ko kama ta ko cin tarar direba. Idan har hurumin hukumar kansa sai an je gaban alƙali, ina ga direban da aka tsayar a gefen titi?

Abin da nake ganin ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta yi ba mai tsada ba ne. Duk dokar hana babur da aka yi don tsaro ta zo da ranar ƙarewarta da sunayen unguwanni da hanyoyin da ta shafa, a bayyana su da Hausa a rediyo, kuma kada a sabunta ta sai gwamnati ta zo ta nuna abin da ta haifar. A raba babur na gida da na haya da na gona ta hanyar rajista a matakin gunduma, inda mai unguwa da shugabannin 'yan acaɓa suka san kowa da gidan ubansa. Jihohin Arewa maso Yamma kuma su amince da rajistar juna, don kada mutumin Makarfi ya zama mai laifi saboda ya kai rake kasuwa a Jihar Kano.

Game da motocin da aka sauya kuwa, Zariya ta fi kowane gari a Arewa dacewa da fara gwaji. A nan Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, take tun 1986, ga sashen injiniyan inji na Jami'ar Ahmadu Bello, ga Kwalejin Nuhu Bamalli. Jiha tana iya ba su aikin duba motar da aka sauya wa inji ko sitiyari ko aka sa mata tukunyar gas, su gwada birki da hayaƙi da ƙara a kan ma'aunin da aka wallafa, su ba da shaidar da hukumar rajista za ta gyara takardu da ita. Kuɗin dubawar ya shiga asusun gwamnati da rasit, kuma a sa shi daidai ƙarfin mai tsohuwar Golf, domin idan ya yi tsada babu direban da zai kai motarsa.