Ƙididdigar lafiya: a fara gina hukumar INS daga jihohi

A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta yanke kuɗin da take zubawa a shirin DHS, wanda ya shafe shekara kusan 40 yana taimaka wa ƙasashe masu tasowa su yi binciken lafiyar iyali gida-gida. Labarin bai yi amo a nan Damagaram ba, alhali kuwa ya shafe mu. Manyan binciken lafiyar da Nijar ta yi a 1992, 1998, 2006 da 2012 duk a ƙarƙashin wannan shiri aka yi su. Ta nan muka san cewa mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 318 cikin dubu a 1992 zuwa 127 a 2012. Zanen aro dai ba ya rufe katara, ga shi kuma mai shi ya nuna yana iya karɓe abinsa ran da ya ga dama.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, da aka kafa a 2004, tana da ƙwararru, wannan ba abin musu ba ne. Ita ta gudanar da binciken ENAFEME na 2021 kan haihuwa da mutuwar yara, wanda ya nuna yawan haihuwar mace guda ya ragu daga 7.6 zuwa 6.2, kuma ita ke jan ragamar binciken tamowa da ake yi a kai a kai. Amma a tuna da binciken lafiya na 2017: an fita, an kashe kuɗi, an shiga gidajen mutane, daga ƙarshe aka kasa dogara da sakamakon saboda shakku kan ingancin bayanan. A ganina nan ne ciwon yake. Duk lokacin da aka ce za a ƙarfafa hukumar, abin da ke biyo baya shi ne taron bita a Yamai da rabon kwamfutoci, alhali alƙaluman a tsakar gida ake samo su, a bakin matar da ke surfe.

A ɗauki ma'aikaciyar bincike da ta shiga wani gida a karkarar Mirya. Tambayoyin da ke hannunta da Faransanci aka tsara su, ita za ta juya su Hausa. Ta tambayi matar gida 'ya'ya nawa ta haifa. Matar ta yi murmushi ta kau da kai, don ba a ƙirga 'ya'ya a gaban baƙo, ɗan fari kuwa kunya ba ta bari ta kama sunansa. Jaririn da ya koma kafin ranar suna ba zai zo a lissafinta ba sai an bi ta a hankali, an tambayi tazarar da ke tsakanin wannan yaro da wancan. Takardar haihuwa babu, sai a nemo shekarun yaro da azumi ko girbin hatsi ko shekarar da aka yi fari. Ga kuma abin da masu wannan aiki suka sani a ko'ina: yaron da bai kai biyar ba yana jawo doguwar tambaya da awo da gwaji, to ma'aikacin da rana ta dake shi, an kuma ƙayyade masa gidajen da zai gama, yana iya ƙara wa yaro 'yan watanni ya huta. In mutum ɗari suka yi haka, alƙaluman mutuwar yara na ƙasa baki ɗaya sun karkace. Kwamfuta ba ta hana wannan. Mai hana shi shi ne shugaban ayari da ya daɗe a aikin, wanda zai koma gidan washegari ya sake tambaya.

Irin waɗannan mutane ne ba mu riƙewa. Ana ɗaukar matasa na 'yan watanni, a horar da su, a sallame su, in wani mai ba da tallafi ya zo da sabon bincike a sake sabon lale.

Sai maganar yawan jama'a. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17.1 a Nijar, miliyan 3.5 daga ciki a jihar Damagaram, wadda ta fi kowace jiha jama'a. Shekara goma ta cika a 2022 ba a yi ƙidaya ta biyar ba. Majo, wato shugaban ƙaramin asibiti na CSI, da zai ba da rahoton allurar rigakafi yana raba yaran da ya yi wa da wani adadi da aka hasko daga 2012, a ƙasar da jama'arta ke ƙaruwa da kusan kashi 3.9 a shekara. A Magarya da Matamai iyaye mata kan tsallako daga Najeriya neman magani, a Kance kuma ana tafiya Aljeriya da yara. Shi ya sa za ka ga rahoto ya ce an yi wa fiye da kashi ɗari allura, ga kuma cuta ta ɓulla. Tsakanin Nuwamban 2022 da Janairun 2023 hukumar lafiya ta duniya ta ba da rahoton mutum 559 da sanƙarau ya kama a jiharmu, 18 suka rasu. A 2023 mashaƙo ya biyo baya, ya fi ƙamari a Matamai. Manyan binciken ƙasa kuwa adadi guda suke ba jiha sukutum, kamar dai cunkoson Dungas da makiyayar Tasker lafiyarsu ɗaya.

Abin da nake so a yi ba gagara-badau ba ne. Reshen INS na jiha ya sami ayarin dindindin na masu bincike da masu nazarin alƙaluma, masu jin Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci, albashinsu daga baitulmalin ƙasa. A haɗa su da sashen likitanci na Jami'ar André Salifou da makarantar horar da ma'aikatan lafiya da ke garin nan, ɗalibai su yi kundinsu da bayanan jiharsu, maimakon a kwashe komai a kai Yamai sai bayan shekara a ga littafi da Faransanci. Sakamakon kuma a karanta shi a gidajen rediyo da harshen waɗanda aka tambaya.

Wani zai ce, a wannan hali na tsaro da ƙarancin kuɗi, gara a sayi magani da a biya mai ƙirge. Maganar tana da nauyi. Sai dai maganin rigakafin masassara da ake raba wa yara da damina, da abincin masu tamowa, duk da adadi ake odarsu. In adadin ya gaza, yaran wani gari su rasa. In ya zarce, kaya su lalace a sito.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya saye. A 2005, yara na ta mutuwa da tamowa a Maraɗi da Damagaram, hukumomin wancan lokaci suna musanta cewa akwai yunwa. Hukumar ƙididdigar da sai ta dubi fuskar mai mulki kafin ta fitar da adadi, ko ayari nawa aka ba ta, aikin banza ne. Don haka a sa wa INS ranakun fitar da sakamakon kowane binciken lafiya tun kafin a fara shi, a sanar da jama'a, kuma kada minista ko gwamna ya sami ikon ɗaga ranar.