Nemesis: jirgin da ruwa ƙafa shida ya ishe shi

Jama'a, duk sanda aka tashi maganar yadda Turawa suka mamaye duniya, bindiga ake ambata. Ni kuwa a ganina ana mantawa da abin da ke ɗauko bindigar ya dire ta a ƙofar gidan mutane. Ku dubi jirgin ruwan nan Nemesis.

A 1839 aka ƙera shi a Birkenhead, tsallaken kogi daga Liverpool, a ma'aikatar John Laird. Kamfanin East India, na Ingila mai mulkin Indiya a lokacin, shi ne ya sa aka yi shi, a asirce kuma. Da ya tashi a watan Maris na 1840, cewa aka yi Odessa za shi, alhali ƙasar Sin aka dosa, inda Ingila ke shirin yaƙi. Jikinsa ƙarfe ne, tsawonsa ƙafa 184, da injin tururi biyu da manyan igwa biyu. Tsofaffin matuƙa kallon hadarin kaji suka yi masa, don ƙarfe na rikita kamfas. Suna da ɗan gaskiya ma: bai bar ruwan Ingila ba sai da ya hau dutse, a gabashin Afirka kuma jikinsa ya tsage, aka tsaya a gaɓar Delagoa (Mozambik ta yau) aka yi masa faci. Duk da haka Kyaftin William Hall ya kai shi Macau a watan Nuwamba.

To mene ne sirrinsa? Gindinsa shafe yake, ruwa ƙafa shida ya ishe shi. Sinawa sun gina ganuwowinsu a bakin kogin Kanton suna fuskantar inda ruwa ke da zurfi, domin nan kaɗai manyan jiragen yaƙi ke iya bi, su ma sai iska ta yarda. Nemesis bai san jiran iska ba. Ranar 7 ga Janairun 1841 a Chuenpi ya bi jiragen katakon Sinawa har cikin ruwa mara zurfi inda suka fake, roka guda ta faɗa wa ɗayansu ya tashi gaba ɗaya. A watan Maris ya kutsa ta ƙananan rassan kogi, ya ɓullo wa mutane ta bayan gida. Shi ke jan jiragen Ingila masu tafiya da iska, shi ke kwasar soja. Sinawa suka raɗa masa jirgin shaiɗan. Ba ragwaye ba ne fa, har jirage masu ƙafafun tuƙi irin na Nemesis suka haɗa a 1842, sai dai ƙarfin mutane ke juya nasu, ina za a haɗa da tururi?

Kada kuma wani ya ce mini yaƙin wayewa ne. Ƙwayar ofiyom ce silar komai: Lin Zexu, wakilin sarkin Sin, ya lalata akwati sama da 20,000 na 'yan kasuwar Ingila a 1839. Aka ƙare a yarjejeniyar Nanjing ta 1842, Sin ta miƙa Hong Kong, ta buɗe tashoshi biyar, ta biya dalar azurfa miliyan 21. Mai hana shaye-shaye shi ya biya tara! Daga nan Nemesis ya wuce Borneo farautar waɗanda aka kira 'yan fashin teku, a 1852 kuma aka kai shi yaƙin Burma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma na gida ne. Shekara bakwai kafin a ƙera Nemesis, a 1832, Macgregor Laird, ƙanen John, ya shigo Kogin Kwara tare da Richard Lander da jiragen tururi biyu. Ƙaramin na ƙarfe ne, ya haura har Raba a ƙasar Nufe. Turawa 48 suka taso, 9 suka tsira da rai, yawanci zazzaɓi ya kwashe su. Mutanen suka mutu, ƙarfen kuwa ya nuna zai iya ƙetare teku ya shiga kogi. Sunan da suka sa wa wannan ƙaramin jirgi daga harshenmu suka aro shi: Alburkah, wato Albarka.